Marigayi Baba Yara, Ɗan Zangon Kumasi

Waɗanda suka cika gidajen kallon ƙwallo na nan Kwandere ran 25 ga Maris 2022, daren da Nijeriya ta kara da Gana a wasan neman zuwa gasar cin kofin duniya, sun ji ana ta ambaton filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi. An tashi babu ci, aka zo Abuja aka yi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce mu muka zauna a gida. To, wannan ciwo ya wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na tambayi samari fiye da goma ko wane ne Baba Yara, ba wanda ya sani. Wani ma cewa ya yi ai sarki ne. Alhali kuwa yaran nan za su lissafa maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci.

Sunansa na yanka Usman Sa'idu, mutanen Gana suna rubuta shi Osman Seidu. An haife shi a Kumasi ran 12 ga Oktoba 1936, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila da sunan Gold Coast. Musulmi ne, ɗan Zango. Ga wanda bai sani ba, Zango a Gana ita ce unguwar baƙi. Fataken goro na ƙasar Hausa da suka riƙa bin hanyar Gwanja su ne suka fara kafa irin waɗannan unguwanni, daga baya sojan Turawa da mutanen arewacin Gana da Mosawa da Yarbawa suka tarar da su, Hausa ta zama harshen kowa. Masu gari kuwa su ne Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa. Ko an haifi kakanka a Zango, in magana ta yi magana sai a tuna maka kai baƙo ne. Ba sai na yi wa mai karatun wannan mujalla dogon bayani a kan haka ba.

Ba da ƙwallo ya fara neman abinci ba. Yana yaro ya yi aikin hawan dokin sukuwa a filin sukuwa na Akara, babban birnin ƙasar, har wajen 1955. A shekarar ce ya shiga kulob ɗin Asante Kotoko na Kumasi, wato kulob ɗin da masu gari ke ɗauka kamar gadon gidansu. Lamba bakwai yake bugawa, gefen dama. Ba a daɗe ba aka kira shi ƙungiyar ƙasa, yana kuma cikin waɗanda suka yi wa Nijeriya ci bakwai da nema a Akara cikin 1955. I, bakwai, ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Yana Kotoko suka ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1958, suka ɗauki gasar lig a 1959. Saboda gudunsa da yadda yake yanke 'yan baya ya miƙa wa na gaba ƙwallo a ƙafa, jaridu suka yi masa laƙabi da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma.

Sai siyasa ta shigo. Gana ta sami 'yanci a 1957, shugabanta Kwame Nkrumah kuma ya ɗauki ƙwallo a matsayin hanyar nuna wa duniya cewa baƙar fata ma zai iya. Shugaban hukumar wasanninsa, Ohene Djan, ya kafa sabon kulob a Akara mai suna Real Republicans, aka bi manyan kulob-kulob ana zare gwanayensu ana kai wa can. A 1961 aka ɗauke Baba Yara daga Kotoko. Mutanen Kumasi ba su ji daɗi ba ko kaɗan, don dama tsakaninsu da gwamnatin Nkrumah ba a ga maciji. Amma dabarar ta yi aiki a fili: ƙungiyar ƙasa ta zamaninsa, Black Stars, ita ce ta riƙe Real Madrid ta su Di Stefano da Puskas uku da uku a Akara cikin 1962. Kowa ya sa ido a kan kofin Afirka na 1963, wanda Gana ce za ta karɓi baƙuncinsa.

Ran 24 ga Maris 1963, Real Republicans suka je Kpandu a jihar Volta, suka buga da Volta Heroes suka yi nasara. A hanyar komowa, daidai wani gari Kpeve, motarsu ta ƙwace a kan kwana ta bugi gefen hanya. 'Yan wasa da dama sun ji rauni suka warke. Shi kuwa a laka abin ya same shi. Shekararsa 26 rak.

Gwamnati ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Aka ɗauke shi a jirgi zuwa asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya yi suna wajen masu ciwon laka. A wannan asibitin ne likita Ludwig Guttmann ya fara shirya wa majinyata wasanni a kan keke a 1948, abin da ya girma ya zama gasar naƙasassu ta duniya da muke gani yau. Ikon Allah, mutumin da ba a iya kama shi a guje, ga shi an kai shi inda ake koya wa mutum juya keken guragu. Cikin watan Agusta na 1963 ya komo gida, ƙafafun ba su tashi ba. Ran 1 ga Disamba na shekarar, Gana ta doke Sudan uku da nema a Akara ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, babu shi a fili.

A nan nake son samarinmu da iyayensu su tsaya. Duk wasan Baba Yara na babban mataki, daga 1955 zuwa 1963, shekara takwas ne. Jinyarsa shekara shida. Mu kan nuna wa yara hoton ɗan wasa yana riƙe da kofi, ba mu nuna musu motar da ke kai shi wasa. Wanda ya san gangaren nan na hanyar Akwanga zuwa Lafiya ya san abin da nake nufi. Ni ban ce a hana yaro ƙwallo ba, don Nasarawa United tana nan Lafiya kusa da mu, kuma yaron da ya fito atisaye da asuba ya fi wanda ya kwana a majalisa yana shaye-shaye. Abin da ba na so shi ne yaro ya ajiye makaranta a aji uku, ya ƙi zaman shagon babansa, ya ƙi gona, wai ƙafa ce jarinsa. Jarin da kwana ɗaya ta hanya za ta iya cinyewa kafin magariba, ai ya kamata a ajiye wani abu a gefensa. Baba Yara ma da gwamnati sukutum ta tsaya masa, gwamnatin ba ta ɗore ba. Soja suka hamɓarar da Nkrumah ran 24 ga Fabrairu 1966, aka rushe Real Republicans, waɗanda suka ɗauko shi daga Kumasi kowa ya shiga ta kansa.

Ya rasu ran 5 ga Mayu 1969 a asibitin Korle Bu da ke Akara, yana da shekara 32. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Wata shida bayan rasuwarsa, cikin Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Zangunan da suka yi ta yi masa tafi suka watse, Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa suka yi ta cika manyan motoci, wasu a can aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba. Dattawanmu da suka yi zaman Gana suna iya ba da wannan labari fiye da ni.

Sai a 2004, shekara 35 da rasuwarsa, gwamnatin John Kufuor ta sauya wa babban filin wasa na Kumasi suna zuwa Baba Yara. Kufuor Ba'asante ne haifaffen Kumasi, ya taɓa shugabancin Kotoko, kuma yana saurayi ya riƙe muƙamin mataimakin ministan harkokin waje a waccan gwamnati ta Busia. Filin yana cin mutum wajen 40,000, a nan Kotoko ke buga wasanninta na gida, an kuma yi wasannin kofin Afirka na 2008 a cikinsa.