Benjamin Aislabie: Jagoran wasan kurket da mallakar bayi ta dusashe sunansa

An haifi Benjamin Aislabie a birnin Landan a shekarar 1774, ya kuma rasu a 1842. Attajiri ne mai fataucin giyar inabi, amma an fi saninsa da hidimar da ya yi wa ƙungiyar kurket ta Marylebone, wato MCC, wadda aka kafa a 1787. Har yau ita ce ke riƙe da dokokin da ake bi wajen buga wasan a duniya, har da Najeriya.

A 1822 ya zama sakataren ƙungiyar na farko, ya kuma riƙe muƙamin shekara 20 har ƙarshen rayuwarsa. Shi ke karɓar kuɗin mambobi, yana shirya wasanni a filin Lord's, yana kuma kai 'yan wasa makarantu don cusa wa matasa sha'awar kurket. Marubuci Thomas Hughes ya ambace shi a littafinsa na Tom Brown's School Days.

A fili kuwa, ba gwani ba ne. Cikin manyan wasanni 56 maki 224 kacal ya tara. Ƙiba ta yi masa yawa har sai an sa wani ya riƙa yi masa gudu, duk da haka bai ajiye sanda ba sai a 1841, yana da shekara 67.

Sai dai dukiyar Aislabie tana da wani tushe da aka daɗe ba a tono shi ba. Yana da hannu a gandayen tsibiran Antigua da Dominika na yankin Karebiyan, inda bayi 'yan asalin Afirka ke noma ba lada. Da majalisar Birtaniya ta zartar da dokar soke bauta a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 don biyan diyya ga iyayen gijin bayi, Aislabie kuma na cikin waɗanda suka amfana. Bayin da aka 'yanta ba a ba su ko sisi ba.

A watan Yunin 2020, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a Amurka, MCC ta sauke hotonsa daga inda yake rataye a Lord's.

Tun kafin nan, jikokin bayin Karebiyan sun riga sun kafa tarihi a wannan fili. A Lord's ɗin ne tawagar West Indies ta ci kofin duniya na farko a 1975, ta maimaita a 1979. A wasan ƙarshe na 1979 Ingila ce ta sha kashi, wanda ya fi kowa zura maki kuwa shi ne Viv Richards, da maki 138, haifaffen tsibirin Antigua.