Wan Laiming: Mai zanen da ya jira shekara 20 kafin ya fito da Sarkin Birai

A shekarar 2025, fim ɗin zane mai motsi na ƙasar Sin mai suna Ne Zha 2 ya samar da kuɗin shiga sama da dala biliyan 2, ya zarce duk wani fim irinsa da aka taɓa nunawa a duniya. An ɗebo labarinsa ne daga tsoffin tatsuniyoyin Sinawa. Wannan hanya kuwa an share ta fiye da shekara 80 da suka wuce, kuma wanda ya yi gaba wajen share ta shi ne Wan Laiming, mutumin da Sinawa ke ɗauka a matsayin uban wannan sana'a a ƙasarsu.

An haifi Wan Laiming ranar 18 ga Janairu, 1900 a birnin Nanjing, shi da tagwaininsa Wan Guchan. Mahaifinsu ɗan kasuwa ne da ya so su gaje shi. Mahaifiyarsu kuwa maɗinkiya ce, ita ta koya musu yanka takarda su fitar da siffofin mutane da tsuntsaye. Da waɗannan siffofi yaran ke shirya wasanni a gida, kuma labarin da suka fi ƙauna shi ne na Sun Wukong, wato Sarkin Birai.

Sun Wukong shi ne gwarzon littafin Xiyou Ji, wanda ma'anarsa ita ce Tafiya Zuwa Yamma. Littafi ne mai babi 100 da ya bayyana a ƙarni na 16, zamanin daular Ming, kuma ana danganta shi ga marubuci Wu Cheng'en. Tushensa tafiya ce ta gaske da wani malamin addinin Buddha mai suna Xuanzang ya yi zuwa Indiya a ƙarni na 7 domin neman littattafai. A cikin ƙagaggen labarin an haɗa malamin da 'yan rakiya masu siddabaru, babbansu shi ne wannan biri da ya fito daga cikin dutse, mai wayo da taurin kai.

A 1919 Wan ya fara aiki a sashen zane na kamfanin ɗab'i na Commercial Press da ke Shanghai. A lokacin gidajen sinima na birnin sun soma nuna gajerun finafinan katun na Amurka, amma babu makaranta ko malamin da ke koyar da yadda ake sa zane ya motsa. Shi da Guchan da ƙannensu biyu, Chaochen da Dihuan, suka mayar da wani ɗan ƙaramin ɗaki wurin gwaji, suna aikin neman abinci da rana, da dare kuma su duƙufa a kan takarda da tsohuwar kyamara. A 1926 suka fitar da Tarzoma a Ɗakin Zane, inda wani ɗan mutum da aka zana ya sauko daga takarda ya hargitsa ɗakin mai zanen. Shi ake ƙirgawa a matsayin gajeren fim ɗin zane na farko a Sin, sai dai ya ɓace, babu sauran kwafinsa. A 1935 kuma suka yi Rawar Raƙumi, na farko mai sauti.

Yaƙi ne ya sauya alƙiblar aikinsu. Japan ta mamaye yankin Manchuria a 1931, sannan yaƙi ya game ƙasar a 1937. 'Yan'uwan suka koma yin gajerun finafinai masu kiran jama'a su tashi su kare ƙasarsu, har aikin ya kai su birnin Wuhan. Daga baya tagwayen suka dawo Shanghai, inda unguwannin da ke ƙarƙashin ikon Turawa suka zama kamar tsibiri, sojojin Japan na kewaye da su. A nan aka nuna Snow White na kamfanin Disney, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Wan ya ga cewa Sin ma tana da nata labaran da za su cika gidan sinima.

Sakamakon haka shi ne Gimbiya Mai Maficin Ƙarfe, wanda kamfanin Xinhua ya fitar a 1941, dogon fim ɗin zane na farko a ƙasar Sin, mai tsawon minti 73. Labarin daga Tafiya Zuwa Yamma yake: matafiyan sun iske duwatsu masu ci da wuta sun tare musu hanya, kuma babu abin da zai kashe wutar sai maficin wata gimbiya, matar Sarkin Aljanu mai siffar bijimi. A fim ɗin, ƙarfin Sun Wukong shi kaɗai bai isa ba, sai da mutanen ƙauye suka haɗa hannu aka kayar da bijimin. Masu kallo da ke zaune cikin mamaya sun gane inda aka dosa, ko da ba a ambaci sunan kowa ba.

Abin mamaki, a 1942 an nuna fim ɗin a Japan ɗin kanta. Cikin waɗanda suka kalle shi har da wani yaro mai suna Osamu Tezuka, wanda daga baya ya ƙirƙiro Astro Boy, ya zama jigon zanen katun na Japan. Tezuka bai ɓoye tasirin da fim ɗin ya yi masa ba, kuma a 1988, 'yan watanni kafin rasuwarsa, ya gana da Wan a Shanghai.

Babban burin Wan shi ne ya yi fim a kan babobin farko na littafin, inda Sarkin Birai ya tayar da ƙayar baya a fadar sama. An fara shiri, amma yaƙi ya tsananta a ƙarshen 1941, masu kuɗi suka janye, aka rufe maganar. Ya yi shekaru a Hong Kong yana tsara wuraren ɗaukar finafinan wasu. A 1954 ya koma Shanghai, a 1957 kuma aka kafa kamfanin finafinan zane na gwamnati a birnin ƙarƙashin jagorancin Te Wei. A can ne, yana dab da cika shekara 60, aka ba shi dama da ma'aikata.

Kashi na farko na Tarzoma a Fadar Sama ya fito a 1961, na biyu a 1964. Wan ya dage a kan cewa komai na fim ɗin ya fito daga gida. Zhang Guangyu ya tsara kamannin jaruman, Yan Dingxian ya ba birin siffarsa ta ƙarshe, da kwalliyar fuska irin ta wasan kwaikwayon gargajiya na Beijing. Daga wannan wasa aka ɗauko taku da tsalle da juyin sanda, aka kuma ɗora faɗace-faɗacen a kan kiɗan ganguna da kuge. An zana fadoji da gizagizai bisa salon tsoffin zane-zanen bangon wuraren ibada. Dubban zane-zanen da suka haɗu suka zama fim ɗin duk da hannu aka yi su.

Labarin mai sauƙi ne ga yara, mai nauyi ga manya. Sarkin fadar sama ya gayyaci birin, ya ba shi muƙamin kula da bargar dawaki domin ya rufe masa baki. Da birin ya gane raini ne, sai ya yi tawaye. A littafin, Buddha ya danne shi ƙarƙashin dutse har shekara 500. Wan ya sauya wannan ƙarshe: birinsa ya farfasa fadar, ya koma dutsensa cikin 'yan'uwansa da nasara. Kashi na farko ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Karlovy Vary a 1962.

Farin cikin bai daɗe ba. Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke a 1966, aka zargi fim ɗin da yi wa shugabanni habaici, aka kulle shi. An tsangwami Wan kamar yadda aka tsangwami ɗimbin masu fasaha na zamaninsa. Sai a 1978 jama'a suka samu kallon cikakken fim ɗin, kuma a shekarar aka karrama shi a bikin finafinai na Landan. A lokacin Wan yana da shekara 78, bai kuma sake jagorantar wani dogon fim ba.

Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa ne suka ɗora daga inda ya tsaya. Yan Dingxian na cikin daraktoci uku da suka yi fim ɗin Nezha na 1979, a kan yaron nan mai taurin kai da ya kara da Sarkin Dodannin Teku, wanda tun a Tarzoma a Fadar Sama aka gan shi yana gwabzawa da Sarkin Birai. A 2012 aka sabunta fim ɗin Wan aka mayar da shi gidajen sinima, a 2015 wani sabon fim na Sun Wukong ya farfaɗo da kasuwar, sannan Ne Zha na 2019 ya biyo baya. Kayan aikin sun koma na kwamfuta, amma rijiyar da ake ɗiba ita ce wadda Wan ya nuna.

Wan Laiming ya rasu a Shanghai ranar 7 ga Oktoba, 1997, yana da shekara 97, shekara biyu bayan tagwaininsa. An sassaƙa dutsen kabarinsa da siffar zaren fim, a jikinsa kuma akwai hoton Sun Wukong.