JABIR BIN HAYYAN, MALAMIN DA YA RIƘE MIZANI



Makon jiya bayan La'asar, a unguwarmu nan Dutse, aka ba ni labarin wata yarinya da ta kurɓi ruwan soda. Mahaifiyarta tana haɗa sabulun ruwa na sayarwa, ta jiƙa sodar a gorar lemo ta ajiye a bayan ƙofa. Allah Ya sa an garzaya da ita asibiti da wuri. Tun ranar nake tuna wani malami da ya ƙarar da rayuwarsa a kan sanin ƙarfin abubuwa da auna su, wato Jabir bin Hayyan.

Masu tarihi sun ruwaito cewa an haife shi wajen shekarar 721 Miladiyya a garin Ɗus, yankin Khurasan, cikin Iran ta yau. Mahaifinsa Hayyan mutumin Kufa ne daga ƙabilar Azd, sana'arsa sayar da magunguna. An kashe shi saboda goyon bayan Abbasiyawa a zamanin Banu Umayya, don haka Jabir ya tashi maraya. An ce ya yi karatu a wajen Ja'afar As-Sadiƙ. Daga baya ya kusanci Baramika, waziran Haruna Rashid a Bagadaza. Da Khalifa ya juya musu baya a 803, sai ya koma Kufa ya ɓuya, ya rasu wajen 815.

Aikinsa ilimin kimiyyar haɗa sinadarai. Ya yi ta dafa abubuwa, yana tatsar tururinsu, yana narkarwa yana tacewa. A littattafan da ake jingina masa akwai bayanin yadda ake fitar da gishirin nushadir daga gashi da jini. Akwai Kitabus Sab'in, akwai kuma jerin da ake kira Kutubul Mawazin, littattafan ma'aunai. Tushen karantarwarsu shi ne kowane abu yana da zafi, sanyi, danshi da bushewa a wani gwargwado, kuma kafin ka canza abu sai ka san wannan gwargwadon da lissafi.

To amma fa mu yi adalci. Sau da yawa ina ganin ana yaɗawa a Facebook wai Jabir ne ya ƙirƙiro duk wani asid mai ƙarfi. Bayanin irin waɗannan asid ɗin a fili ya fito ne a littattafan Latin na ƙarni na 13 zuwa 14 masu ɗauke da sunan Geber, kuma masu bincike sun nuna wasu Turawa ne suka rubuta su suka aro sunansa. Tun a ƙarni na 10 Ibnun Nadim ya ambata a Al-Fihrist cewa ana saɓani a kansa. Haka kuma Jabir ya nemi hanyar mayar da ƙarfe zinare, ya kuma sa lissafin haruffa a cikin awonsa, wannan bai kai shi ko'ina ba. Ba ma bukatar ƙarya kafin mu yi alfahari da magabata. Abin da ya bari mai amfani ya ishe mu: a gwada, a auna, kada a yi ka-cici-ka-cici.

Kalmar alkali da ɗalibanmu ke ji a darasin kimiyya, ba alƙalin kotu ba ne. Daga Larabci take, al-ƙali, tokar wasu tsirrai da ake yin sabulu da ita. Danginta su ne kanwa da ruwan toka da soda. Kishiyarta asid, dangin tsamiya da lemon tsami da ruwan batir.

Ma'aunin da ake amfani da shi yau, pH, wani ɗan ƙasar Denmark mai suna Sorensen ne ya kawo shi a 1909. Yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Lemon tsami wajen 2, ruwan batir ƙasa da 1, soda mai ƙarfi 13 zuwa 14. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, kun ga tsakanin 2 da 1 ba wasa ba ne. Jinin ɗan Adam kuwa Allah Ya tsayar da shi tsakanin 7.35 da 7.45, in ya kauce sosai rai na cikin haɗari. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ambaci mizani a Suratur Rahman.

Iyayenmu mata ma sun san wannan a aikace. Ai da kanwa suke kashe tsamin yakuwa. Ku gwada da zoɓon da muke nomawa a Jigawa: ɗiga lemon tsami, jan zai ƙara haske, sa kanwa, launin zai juya ya yi duhu.

Don haka masu haɗa sabulu, don Allah ku auna soda da sikeli, ku sa safar hannu. Sodar ake zubawa a ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta. Kada a ajiye ta a gorar abin sha. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na kamar minti 20. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi tsami wai don a karya ta, a wuce asibiti kai tsaye. Ran yaran nan amana ne a wuyanmu, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba yarinyar nan lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani. Ku tura wa duk wadda kuka san tana wannan sana'a.

Wallahu a'alam.