Pete Maravich: Gwarzon jami'o'in Amurka da ya tara lambobin yabo, bai taɓa ɗaga kofi ba

A ƙarshen kowace kakar wasa, kamfanonin dillancin labarai da marubutan wasanni da masu horaswa a Amurka kan zaɓi fitattun 'yan ƙwallon kwando na jami'o'i, su jera su a tawagar girmamawa da ake kira All-America. Mutum biyar kacal ke shiga sahun farko, sahun da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya shiga a 1984. Pete Maravich ya shige shi sau uku a jere, daga 1968 zuwa 1970.

An haife shi ranar 22 ga Yuni, 1947, a Aliquippa, garin masana'antar ƙarfe a jihar Fensilbaniya. Mahaifinsa, Press Maravich, ɗan baƙin haure ne daga Sabiya, kuma mai horar da 'yan wasa. Shi ya ɗora ɗan nasa a kan ƙwallo tun yana ƙarami, ya riƙa ba shi horo mai tsanani, har ƙwallo ta zame masa tamkar gaɓar jiki. Saboda yadda yake harba ta daga kwankwaso, kamar mai zaro ƙaramar bindiga, aka yi masa laƙabi da Pistol.

A 1966 uba da ɗa suka isa Jami'ar Jihar Luwiziyana, ɗaya koci, ɗaya ɗalibi. Dokar wancan zamani ta hana ɗan shekarar farko buga wa babbar tawaga, don haka kaka uku kawai ya samu. A cikinsu ya buga wasa 83, ya ci maki 3,667, wato kimanin 44.2 a kowane wasa. Abin da ya ƙara wa alƙaluman nan nauyi shi ne a lokacin babu jifar nesa mai maki uku, babu kuma agogon da ke tilasta wa tawaga yin jifa da wuri, saboda haka abokan karawa na iya riƙe ƙwallo su cinye lokaci. A Janairun 1970 ya wuce maki 2,973 da Oscar Robertson ya kafa tarihi da su, kuma a shekarar aka ba shi lambar Naismith ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, shekara ɗaya bayan Lew Alcindor ya fara karɓar ta.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk da cewa ya ɗago tawagar da a da ta saba shan kashi, ya kuma cika ɗakunan wasa da 'yan kallo, jami'arsa ba ta taɓa shiga babbar gasar cin kofin jami'o'i ta ƙasa ba a zamaninsa. Masu suka sun yi ta cewa uban ya gina dukkan dabarun wasa a kan ɗansa, sauran 'yan wasan kuwa sun koma 'yan rakiya.

Wannan inuwa ta bi shi har gasar ƙwararru ta NBA. Atlanta Hawks ta ɗauke shi a 1970, ya koma New Orleans Jazz a 1974, inda ya fi kowa yawan maki a kakar 1976 zuwa 1977, har ya zura wa New York Knicks maki 68 a wasa guda. Ciwon gwiwa ya durƙusar da shi, ya ƙare wasa a Boston Celtics a 1980. Kakar da ta biyo bayan ritayarsa, Celtics ta ɗauki kofi.

Bayan ya bar fili ya janye daga jama'a na ɗan lokaci, sannan ya rungumi addinin Kirista da gaske, ya shiga wa'azi. A 1987 mahaifinsa ya rasu, kuma a shekarar aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwarazan ƙwallon kwando. Ranar 5 ga Janairu, 1988, ya yanke jiki ya faɗi yana wasan motsa jiki a harabar wata majami'a a Pasadena ta jihar Kalifoniya, ya cika yana da shekara 40. Binciken likitoci ya nuna an haife shi babu ɗaya daga manyan jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini. Da wannan zuciyar ya yi dukkan gudun da ya yi.

Jami'arsa ta sa wa ɗakin wasanta sunansa. A 2023 Antoine Davis ya tsaya a maki 3,664 bayan kaka biyar, sai a Maris na 2024 Caitlin Clark ta Jami'ar Ayowa ta zarce adadin. A tsakanin maza kuwa, har yau babu wanda ya kamo shi.