Diallo Telli, jakadan Gine na farko

Ran 28 ga watan Satumba 1958, sa'ad da janar de Gol ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama cikin ƙasashen Afirka da Faransa ke mulki, Gine kaɗai ta ce a'a. Mu nan Nijar i ce ta yi rinjaye, duk da kiran da Jibo Bakari ya yi. Ran 2 ga Oktoba Gine ta samu ƴancin kanta, Faransa kuwa ta yi fushi, ta janye ma'aikatanta da taimakonta. Sabuwar ƙasa ta wayi gari ba ta da mai magana da bakinta a waje. Wanda shugaba Seku Ture ya aza wa wannan kaya shi ne Bubakar Diallo Telli.

Bafillace ne, an haife shi a 1925 a Poredaka, cikin Futa Jalon. Ya yi lakkwal ta William Ponty a Senegal, wadda ta horar da manyan ma'aikata da dama, har da Diori Hamani. Daga nan ya wuce Paris ya karanci shari'a. Ya yi aikin kotu a Thiès da Kotonu, a 1955 kuma ya zama shugaban ofishin babban gwamnan Afirka ta Yamma a Dakar, matsayin da baƙar fata ba su cika samu ba a zamanin nan. Duk wannan ya aje, ya amsa kiran ƙasarsa.

Aikin farko da aka ba shi shi ne ya shigar da Gine Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin ba sauƙi, domin Faransa tana da ikon hawa kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu. Telli ya bi wakilan ƙasashe yana neman goyon baya. Da aka zo ƙuri'a, Faransa ba ta hana ba, ta dai ƙi jefa tata. Ran 12 ga Disamba 1958 Gine ta zama ƙasa ta 82 cikin Majalisar. Shi ya zama wakilinta a can, a 1959 kuma aka ƙara masa da jakadancin Amurka. A 1963 aka ba shi shugabancin kwamitin Majalisar mai yaƙi da wariyar launin fata. A shekarar ce aka gurfanar da Nelson Mandela da abokansa, babban taron Majalisar kuma ya nemi Afirka ta Kudu ta dakatar da shari'ar. Ba ta dakatar ba, amma ba ta yanke musu hukuncin kisa ba.

A taron Alƙahira na Yuli 1964 shugabannin Afirka suka zaɓe shi babban magatakardan ƙungiyarsu ta OUA. Shekara takwas ya yi a Adis Ababa, shekarun rikicin Kwango, da tawayen Turawan Rodeshiya na 1965, da yaƙin Biyafara. Dattawan Yamai na tune da watan Yuli 1968, lokacin da kwamitin ƙungiyar ya zauna nan birnin kan wannan yaƙi, janar Gowon da kanar Ojukwu suka zo kowa da ranarsa. Su shugabanni mai riƙe musu takardu suke so, shi kuwa Telli yana da bakinsa, ba ya ɓoye ra'ayi. Sun sake zaɓensa a Aljeriya a 1968, amma a Rabat a 1972 suka ba Nzo Ekangaki na Kamaru kujerar.

Masu ƙaunarsa sun gargaɗe shi kada ya koma gida, domin tun harin da Fotugal ta kai Konakiri a Nuwamba 1970 ake kama manyan ma'aikata, ciki har da tsofaffin jakadu. Ya koma. A Agusta 1972 aka naɗa shi ministan shari'a. Nan dole a faɗi abin da ba shi da daɗi: kusan shekara huɗu yana riƙe da wannan ofishi, alhali kason barikin Boiro cike yake da mutanen da ba su taɓa ganin alƙali ba. Masanin shari'a kamarsa ba zai rasa sanin haka ba.

A Yuli 1976 abin ya zo kansa. Aka ce shi ne shugaban wani makirci na Fulani, aka kai shi Boiro, aka azabtar da shi har ya amsa laifi, aka watsa amsar a rediyo. A Fabrairu 1977 aka rufe shi cikin ɗaki ba ruwa ba abinci. Ya rasu ran 1 ga Maris 1977, yana da shekara kamar 52.

Ƙungiyar da ya yi wa hidima shekara takwas ba ta tuhumi gwamnatin Gine ba, domin ƙa'idarta ta hana sa baki cikin harkokin gida na ƙasashe. Seku Ture ya rasu a Maris 1984, ran 3 ga Afrilu sojoji suka karɓi mulki, suka buɗe ƙofofin Boiro, waɗanda suka saura da rai suka fito. Iyalin Telli ba a ba su gawarsa ba.