Norbert Wiener: Masanin da ya gargaɗi ma'aikata tun kafin zuwan kwamfuta ofis

An haifi Norbert Wiener ranar 26 ga Nuwamba, 1894, a jihar Missouri ta Amurka. Mahaifinsa Leo, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Harvard, ya tarbiyyantar da shi da tsananin karatu, har yaron ya kammala digirin farko yana ɗan shekara 14, ya sami digirin digirgir yana da 18. A 1919 ya fara koyar da lissafi a MIT, kuma a can ya ƙare aikinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya masa alƙibla. Shi da injiniya Julian Bigelow sun yi aiki a kan na'urar da za ta hango inda jirgin abokan gaba zai dosa kafin a harbe shi. A nan ya fahimci cewa na'ura tana iya lura da kuskurenta ta gyara kanta, kamar yadda hannu yake daidaita kansa idan an miƙa shi zuwa ga ƙoƙon ruwa. Wannan tunani ne ya haifi littafinsa Cybernetics a 1948.

Sai dai abin da ya gano bai bar shi ya yi barci ba. A 1947 ya bayyana cewa ba zai ƙara miƙa bincikensa ga masu ƙera makamai masu linzami ba. A Agustan 1949 kuma ya rubuta wa Walter Reuther, shugaban ƙungiyar ma'aikatan kera motoci, yana jan hankalinsa cewa masana'antu masu tafiyar da kansu suna tafe, gara ƙungiyoyin ƙwadago su shirya tun da wuri. Ba kasafai masani yake zuwa ƙofar ma'aikata da irin wannan labari ba.

A littafinsa na 1950 ya kamanta na'ura da bawan da ba a biyan sa lada, ya nuna cewa duk wanda ya yi gasa da ita zai ƙare da ladan bawa. Bai kuma ware ma'aikacin ofis ba: a ganinsa, akawu da mai riƙe fayil suna cikin haɗari ɗaya da lebura.

Rashin aikin da ya yi hasashen zai zarce na shekarun 1930 bai auku a zamaninsa ba, kuma wasu sun ɗauke shi mai yawan fargaba. Ya rasu a Stockholm ranar 18 ga Maris, 1964, watanni biyu bayan Shugaba Lyndon Johnson ya ba shi lambar yabo ta kimiyya ta ƙasa.