Len Bias

Leonard Kevin Bias (18 ga Nuwamba 1963 – 19 ga Yuni 1986) ɗan wasan ƙwallon kwando ne na ƙasar Amurka. An haife shi a Landover, jihar Maryland. Ya yi wa Jami'ar Maryland wasa, inda ya zama gwarzon gasar ACC a 1985 da 1986.

Mutuwa

Ranar 17 ga Yuni 1986 ƙungiyar Boston Celtics ta ɗauke shi, shi ne na biyu a zaɓen NBA na shekarar. Bayan kwana biyu ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin kwanan ɗalibai bayan ya shaƙi hodar iblis. Ya mutu yana da shekara 22.

Binciken gawarsa ya nuna hodar ce ta rikita bugun zuciyarsa. Hodar iblis tana hanzarta bugun zuciya, ta tayar da hawan jini, kuma ta matse jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. Zuciya sai ta rasa jini a daidai lokacin da ta fi buƙatarsa.

Mutuwarsa tana cikin abin da ya sa Amurka ta tsaurara dokar miyagun ƙwayoyi a Oktoba 1986.